Tarihin Duniyar Kwaikwayo: Daga Madubi Zuwa Tabarau na Kwamfuta

Abin da ake nufi da duniyar kwaikwayo shi ne wani wuri da na'ura ke ƙagawa, mutum ya sa tabarau na musamman ya ga kamar yana tsaye a cikinsa, alhali kuwa bai bar ɗakinsa ba. Galibi akan ɗauka kwamfuta ce ta haifi wannan fasaha, amma tushenta ya girmi kwamfuta da fiye da shekara ɗari.

A shekara ta 1838 wani masani a Ingila, Charles Wheatstone, ya bayyana dalilin da ya sa ɗan Adam ke gane nisa da kusa. Idanu biyu ba wuri ɗaya suke ba, saboda haka kowanne yana ganin abu ta kusurwa dabam, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa hotunan biyu ta fitar da zurfi. Ya tabbatar da haka da madubai biyu da zane biyu masu ɗan bambanci, kowane ido da nasa. Duk tabarau na kwaikwayo da aka ƙera daga baya a kan wannan ƙa'ida ya tsaya.

Ruɗin ido ke nan. Ruɗin jiki kuwa daga wajen matuƙa jirgin sama ya ɓullo. A 1929 Edwin Link na Amurka ya ƙera wani akwati mai siffar jirgi, wanda ke karkata yana juyawa da ƙarfin zuga-zugi irin na kayan kiɗan da mahaifinsa ke ƙerawa. Da farko ba a kula shi sosai ba. Sai a 1934, da aka ɗora wa sojan sama na Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa da dama suka halaka a cikin mummunan yanayi, domin ba su saba tuƙi ba tare da ganin ƙasa ba. Nan take soja suka sayi akwati shida. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000. Hikimar a fili take, watau kuskuren da zai ci rai a sama, a ƙasa gyara kawai yake jawowa.

Wanda ya shigo da kwamfuta cikin lamarin shi ne Ivan Sutherland. A 1968, a Jami'ar Harvard, shi da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa tabarau mai nuna zanen kwamfuta, aka rataye shi da wani hannun ƙarfe daga rufin ɗaki wanda ke auna motsin kai. Zanen ba wani abin kallo ba ne, 'yan layuka ne kurum. Amma in mutum ya juya kansa, zanen ma sai ya sake daidai da juyin. Wannan shi ne ainihin sabon abu, kuma a nan wahalar fasahar take.

Dalili kuwa, can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa duk motsin kai. In kai ya juya hoto ya makara, ido da kunne sun saɓa ke nan, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Masu ƙira suna neman kada jinkirin ya wuce kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma a sabunta hoto kamar sau 90 a daƙiƙa guda, ga kowane ido. Na'urorin da kamfanin VPL na Jaron Lanier ya sayar a ƙarshen shekarun 1980 ba su kai ga haka ba, ga kuma tsada. Virtual Boy da Nintendo ya fitar a 1995 bai ma bin motsin kai, kuma a 1996 aka daina yinsa. Zumuɗin wancan zamani ya riga ƙarfin na'ura isowa.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Cinikin wayar hannu ya sa ƙananan allunan hoto da na'urorin auna motsi suka yi araha ƙwarai. Da irinsu ne wani saurayi, Palmer Luckey, ya haɗa Oculus Rift, ya tara kimanin dala miliyan 2.4 daga jama'a a 2012, kana Facebook ya sayi kamfanin a 2014 a kan kimanin dala biliyan 2.

Duk da haka kunne bai gama ba da wuya ba. In hoto ya nuna mutum yana gudu alhali yana zaune, saɓanin yana nan komai saurin na'ura. Shi ya sa masu tsara irin waɗannan wurare sukan ɗauke mai kallo daga wuri su dire shi a wani farat ɗaya, maimakon su bi da shi hanya.