Katin zama na dindindin: yadda za ka kare shi idan ka daɗe a gida

A Babbar Kasuwar Yamai akwai ƴan kasuwa masu gida biyu. Shagonsu yana nan, amma suna riƙe da katin zama na Faransa, ko Amurka, ko Kanada. Wani ya zo jinyar mahaifiya. Wani ya zo rabon gado. Wani kuma ya zo kafa shago, kasuwa ta buɗe, ya zarce. Idan kana cikin waɗannan, ko kana da ɗan'uwa a cikinsu, wannan bayani naka ne. Mace ko namiji, doka ɗaya ce.

Mene ne katin zama na dindindin?

Izini ne da wata ƙasa take bai wa baƙo, ya zauna kuma ya yi aiki a cikinta. Bai mayar da kai ɗan ƙasa ba. Ɗan ƙasa yana iya shekara ashirin a waje ya koma gida. Mai katin zama kuwa, an ba shi ne don yana zaune a can. Idan ya daina zama, ana iya ƙwace izinin.

Ka lura da wannan sosai: ranar ƙarewa da aka rubuta a jikin kati ba ita kaɗai ake dubawa ba. Kati yana iya nuna saura shekara biyar, alhali izinin ya riga ya faɗi saboda daɗewa a waje. Mutane da yawa ba sa sanin haka sai a filin jirgi.

Faransa

Katin mazauni na Faransa na shekara 10 ne. Idan ka yi fiye da shekara 3 a jere a wajen Faransa, katin ya mutu. Kana iya roƙon a ƙara maka lokaci, kafin ka taso ko kana nan gida. Ana kai roƙon ga ofishin prefe na wurin da kake zaune a Faransa, tare da dalili.

Dokar 26 ga Janairu 2024 ta ƙara wani sharaɗi. Ana iya ƙin sabunta maka kati idan ba ka nuna cewa Faransa ce mazauninka ba. Ana son iyalinka da harkokinka su kasance can, kuma ka zauna aƙalla wata 6 a kowace shekara, cikin shekaru 3 na ƙarshe kafin ka nemi sabuntawa.

Dattijon da ya gama aiki, yana karɓar fansho na Faransa, yana so ya dawo gida, akwai kati na musamman dominsa: katin mai ritaya. Shi ma na shekara 10 ne. Da shi zai zauna a Nijar, ya riƙa zuwa Faransa, kowane zuwa kada ya wuce shekara 1. Amma ba a aiki da shi.

Ka sani kuma, an rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a Janairu 2024. Don haka ka gama shirin takardunka tun kana can.

Amurka

Katin Amurka shi ne wanda ake kira girin kat. Ga yadda ake lissafi:

1. Ƙasa da wata 6 a waje: yawanci babu matsala.
2. Fiye da kwana 180: jami'in filin jirgi yana iya yi maka tambayoyi, ka nuna cewa ba ka tashi daga Amurka ba.
3. Fiye da shekara 1: katin shi kaɗai ba zai shigar da kai ba.

Idan ka san za ka daɗe, ka nemi takardar izinin komawa. Ana cika fom mai lamba I-131. Dole kana cikin Amurka lokacin da ka shigar da takardun, kuma ana iya kiranka a ɗauki hoton yatsunka. Izinin yana kai shekara 2.

Idan shekara ta wuce ba ka da wannan takarda, sai ka nemi bizar da ake kira SB-1 a ofishin jakadanci. Samunta da wuya. Sai ka tabbatar cewa abin da ya fi ƙarfinka ne ya tsayar da kai, kamar ciwo mai tsanani. "Kasuwa ce ta riƙe ni" ba hujja ba ce a wurinsu. Bugu da ƙari, a Disamba 2025 Amurka ta saka Nijar cikin ƙasashen da ta hana wa biza. Hanin bai shafi mai girin kat mai rai ba. Amma wanda ya bari nasa ya faɗi, samun wani zai yi masa wuya ƙwarai.

Wasu suna leƙawa sati biyu a shekara, suna tsammani sun cika doka. Wannan dabara ba ta da tabbas, domin abin da ake dubawa shi ne inda kake zaune da gaske.

Kanada da Ingila

A Kanada ana ƙidaya kwanaki. Dole ka yi kwana 730 a ƙasar cikin kowace shekara 5, wato shekara 2 ke nan. Ba lalle a jere ba. A Ingila kuwa, izinin zama marar iyaka yana faɗuwa idan ka yi fiye da shekara 2 a jere a waje. Daga nan sai ka nemi bizar mai komawa mazauninsa.

Me za ka yi?

Rigakafi ya fi magani. Ga matakai bakwai:

1. Ka sami littafi, ka rubuta ranar da ka fita da ranar da ka koma. Kada ka dogara da tunani.
2. Ka adana tikitin jirgi da tsohon fasfo, saboda tambarin da ke ciki.
3. Ka ci gaba da biyan haraji a can a matsayin mazauni. A Amurka, wanda ya rubuta wa hukumar haraji cewa shi ba mazauni ba ne, ya ba da shaida a kan kansa.
4. Ka riƙe adireshi da asusun banki a can, da takardun haya ko na aiki.
5. Idan jinya ko rasuwa ce ta tsayar da kai, ka karɓi takardar likita ko takardar rasuwa tun da wuri, mai kwanan wata da tambari.
6. Kada ka ajiye asalin takardunka a shago. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987, kuma gobara ta sake tashi a 2009. Ka yi kwafi, ka ba wani amintacce a gida.
7. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka gane ba. A Amurka, fom mai lamba I-407 na wanda ya sallama katinsa da kansa ne. Kana da damar ƙin sa hannu, ka nemi alƙalin shige da fice ya saurare ka.

Ka yi hattara da ƴan damfara

Za ka haɗu da mai cewa zai gyara maka tambarin fasfo, ko ya san wani a ofis. Ka guje shi. Shiga da fitarka suna cikin kwamfuta. Idan aka kama ka da ƙarya, za ka rasa katin, kuma ana iya hana ka shiga ƙasar har abada. Zuwa da kai ya fi saƙo: ka tambayi hukumar da ta ba ka katin, ko lauyan da ya san dokar baƙi. Idan karatun Faransanci ko Ingilishi yana yi maka wuya, ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka layi bayan layi.

Idan zuciyarka tana gida

Ka zauna da iyalinka ku yi shawara. Idan ka cika sharuɗɗa, neman zama ɗan ƙasa shi ne hanya mafi tabbas, domin daga nan ba a ƙidaya maka kwanaki. Idan ba ka kai ga haka ba, ka damƙa shagon ga ɗan'uwa ko yaron da ka amince da shi, ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, ka koma kafin wa'adi ya cika. Dokokin nan suna sauyawa, saboda haka ka sake tambaya duk lokacin da za ka sayi tikiti.