Ikon Koci da Amanar 'Yan Wasa: Nazarin Jagorancin Ƙungiyar Mena daga Mahangar Ƙasar Arewa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dangantakar mai horar da 'yan ƙwallon ƙafa da yaransa, ta hanyar bin diddigin abin da ya faru da ƙungiyar ƙasar Nijar, Mena, musamman daga 2010 zuwa 2013. An auna al'amarin da ra'in Chelladurai da na Jowett, aka kuma kawo tsarin ubangida da yaronsa kamar yadda ake ganin sa a filayen ƙwallo na ƙasar Arewa, irin su Dumega da Dogon Dutsi. Maƙalar ta gano cewa a wannan yanki abin da ɗan wasa ke fara dubawa shi ne nauyin maganar kocinsa a wurin na sama da shi. Zafin kocin ko sanyinsa yana zuwa ne bayan wannan.

1.0 Gabatarwa

Duk inda masu son ƙwallo suka zauna, a fada ko a teburin mai shayi, idan hira ta zo kan koci kashi biyu ake raba shi. Akwai mai zafi, wanda ba ya ɗaukar raini, ya kori babban ɗan wasa don ya makara. Akwai mai sanyi, wanda ke jan yara a jiki, ya ci abinci tare da su. Daga nan sai gardama ta kaure a kan wanne ya fi kawo nasara. Masana ma sun daɗe a kan wannan rabo, tun gwajin da Kurt Lewin da abokan aikinsa suka yi a Amurka a 1939, inda suka bambance jagora mai kama-karya da mai shawara da mai sakin ragama.

Wannan rabo yana ɗauka cewa iko yana hannun koci, abin da ya rage kawai shi ne yadda zai yi amfani da shi. A Nijar da arewacin Najeriya ba kullum haka take ba. Yawancin manyan ƙungiyoyin Yamai na hukumomi ne: AS FAN ta soja, AS GNN ta gardi, USGN ta jandarma, AS Douanes ta duwan, AS Police ta 'yan sanda. Kano Pillars kuwa ta gwamnatin jihar Kano ce. A irin wannan gida koci ma'aikaci ne, akwai wanda ya ɗauke shi, akwai mai sa hannu a fitar da kuɗi, kuma ɗan wasa ya san wannan sarai. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: mene ne makomar amana tsakanin koci da ɗan wasa idan aka taɓa ikon kocin daga sama?

2.0 Ra'i da Dabarun Bincike

A 1980 Chelladurai da Saleh suka fitar da ma'aunin jagoranci a wasanni mai rassa biyar: horo da koyarwa, shawara da 'yan wasa, yanke hukunci kai tsaye, kula da jin daɗinsu, da yaba musu idan sun yi abin kirki. Chelladurai yana ganin ƙungiya takan samu natsuwa idan halin da koci ke nunawa ya dace da abin da yanayi ke buƙata da abin da 'yan wasa ke so. Daga baya Sophia Jowett ta karkata ga dangantakar ita kanta, ta ce tana tsayuwa ne a kan kusanci, da niyyar ɗorewa tare, da dacewar aiki, da fahimtar juna.

Duka biyun suna da amfani, amma an gina su ne a inda albashi ke zuwa a kan kari, yarjejeniya kuma ke aiki. Don cike giɓin an ɗauko abin da M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1960 a kan sarautar Zazzau, wato barantaka: yaro ya ba da biyayya da hidima, ubangida ya ba da kariya da ɗaukar nauyi. Idan ubangida ya kasa kare yaronsa, igiyar ta tsinke ko da ba a yi cacar baki ba.

An dogara ga abubuwan da aka sani a fili, wato sakamakon wasanni da naɗe-naɗe da sauke-sauken masu horarwa, aka haɗa da lura da yadda ake tafiyar da ƙwallon matasa a karkarar Arewa.

3.0 Inda Ɗan Wasa Ke Koyon Biyayya

Dumega tana cikin gundumar Tibiri ta jihar Doso, a kwarin da ake kira Dallol Mauri, ƙasar Arawa. A garuruwa irin wannan ƙwallo takan yi armashi ne lokacin babban hutu, wanda ya faɗo daidai da damina. Yaro ya wuni a gonar hatsi, bayan la'asar ya ajiye hauya ya nufi fili. Mai horar da su galibi malamin makaranta ne ko wani yayansu da ya taɓa bugawa a birni. Ba su ce masa koci a gaban manya. Malam suke cewa, ko Yaya.

Aikin da ya fi cin lokacinsa ba a fili yake ba. Shi ke bi gida gida yana tara karo-karon kuɗin ƙwallo da na motar zuwa Tibiri ko Dutsi. Idan wani uba ya hana ɗansa tafiya saboda noma bai ƙare ba, shi zai je zaure, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaisar, ya ce, "Baba, a ba mu aron sa yau kaɗai, gobe da safe mu duka za mu shiga gonar." Idan yaro ya yi targaɗe, shi zai goya shi a babur zuwa wurin mai ɗori, ya kuma tsaya ya yi wa mahaifiyar bayani. Mutumin da ya yi wannan, ko ya daka wa ɗan wasa tsawa a gaban jama'a, yaron zai sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Ya sayi tsawar da ɗawainiya.

Wannan tsari ya girmi ƙwallo. Shi ne na sarkin samari da ke jagorantar gayya, wanda gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauka ta mai da shi ƙungiyar Samariya ta ƙasa. Ɗan wasan da ya tashi a haka, ko ya kai Yamai ko ya ƙetare teku, da wannan ma'auni yake auna duk wanda aka ce shi ne shugabansa: in na shiga uku, wa zai tsaya mini, kuma in ya tsaya, ana jin maganarsa?

4.0 Harouna Doula da Tafiyar Gabon

A wasannin neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012, Nijar ta faɗa rukuni ɗaya da Afirka ta Kudu da Saliyo da Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Ɗan ƙasa ne ke horar da Mena, Harouna Doula Gabde. A Oktoba 2010 Moussa Maazou ya zura ƙwallo ɗaya tilo da aka ci Masar a filin Seyni Kountché. Saliyo ta sha kashi 3–1, Afirka ta Kudu 2–1, duk a Yamai. A ranar ƙarshe, Oktoba 2011, Masar ta rama da 3–0, amma Afirka ta Kudu da Saliyo suka tashi babu ci a Nelspruit. Ƙasashen uku suka yi kunnen doki da maki tara tara, aka koma ga sakamakon karawarsu da juna, Nijar ta haye. 'Yan Afirka ta Kudu sun yi ta rawa a fili suna tsammanin su ne suka wuce. Karo na farko ke nan da Nijar ta shiga wannan gasa, kuma hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Doula gwarzon mai horarwa na 2011.

Ana dab da tafiya sai hukumar ƙwallon Nijar ta kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Ran 23 ga Janairu 2012 Gabon mai masaukin baƙi ta ci Nijar 2–0 a Libreville, daga nan ragamar ƙungiya ta koma hannun Courbis, Doula na zaune a gefe. Tunisiya ta yi nasara 2–1, inda William N'Gounou ya ci wa Nijar ƙwallonta ta farko a tarihin gasar, Maroko ta rufe da 1–0.

Adalci ya sa a faɗi cewa damuwar hukumar tana da tushe. A wasanni uku da Mena ta buga a waje lokacin neman gurbi, duka ta faɗi, ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba. Wasanni biyun da Courbis ya jagoranta kuma sun fi na farko zafi, domin sai a mintin ƙarshe Tunisiya ta samu ta biyu. Wanda ya tsaya ga allon sakamako zai iya cewa canjin bai yi ɓarna ba.

A ganin wannan maƙala, ɓarnar tana wani wuri. Ɗan wasan da ya yi fiye da shekara yana karɓar umarni daga mutum guda, ya ci Masar a ƙarƙashinsa, ya ga an karrama shi a gaban Afirka, sai ya wayi gari a masauki ya tarar wani ne ke karanta sunayen waɗanda za su fara. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. A ma'aunin Jowett, niyyar ɗorewa tare ce ta fara rushewa, tunda babu ɗan wasan da zai jingina makomarsa ga wanda za a iya ture shi cikin dare. A ma'aunin barantaka kuwa abin ya fi muni, don an nuna wa yaro a fili cewa ubangidansa bai iya kare ko kansa ba. Darasin da ke shiga zuciya a irin wannan hali shi ne a nemi kusanci da mai naɗi, a bar wanda aka naɗa. Da zarar wannan ya zama ɗabi'a, kocin da zai zo gaba ma ya gaji ƙungiyar da ke sauraren sa da kunne ɗaya.

Courbis bai cika shekara ba ya tafi. A Satumba 2012 aka ɗauko Gernot Rohr, wanda shi ne kocin Gabon ɗin da ta ci Nijar. Ya fitar da Gini, ya kai Mena gasar 2013 a Afirka ta Kudu, inda ta samu makinta na farko a canjaras da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Mutum uku ke nan suka riƙe ƙungiya ɗaya cikin shekara guda.

Abin da ya ƙara wa hujjar nauyi ya zo bayan shekara goma sha ɗaya. A gasar 'yan wasan cikin gida da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, Doula ne ya ja Mena, ragamar tana hannunsa shi kaɗai. Ta ci Kamaru 1–0, ta ci Gana 2–0, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Aljeriya ta lallasa ta 5–0. Tun a 2011 ma ya kai ta zagayen ƙungiyoyi takwas na wannan gasa a Sudan. Sau biyu ke nan yana samun abin a zo a gani da yaran da ke bugawa a gida, waɗanda ya san ƙungiyoyinsu da unguwanninsu.

5.0 Maƙwabta

Najeriya ta san wannan labari. Shu'aibu Amodu ya kai ta gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, sau biyun aka sauke shi kafin a tafi. Stephen Keshi ya kai Togo ta 2006, ya samu saɓani da Emmanuel Adebayor a gasar Afirka ta wannan shekara, aka maye gurbinsa da Otto Pfister. Keshin nan dai, da ya samu damar zaɓen 'yan wasansa a Najeriya a 2013, ya ajiye Peter Odemwingie, ya ɗauki Sunday Mba daga gasar cikin gida, Mba ya ci ƙwallon da ta kawo kofin Afirka a karawar ƙarshe da Burkina Faso. Keshi mai zafi ne, Amodu ya fi shi sanyi, amma ƙaddara ɗaya ta same su a duk lokacin da na sama suka janye hannu.

Kano Pillars ta nuna wata fuskar. Ta ɗauki kofin ƙasa a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, ta kai wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka a 2009 tare da Ivo Šajh bayan ta fitar da Al Ahly, ta sake ɗaukar kofi a 2012 da 2013 da Baba Ganaru, a 2014 da Okey Emordi. Masu horarwa suna ta canzawa, nasara ba ta yanke ba. Bayanin da ya fi kusa shi ne akwai manyan 'yan wasa da suka zauna, irin su Gambo Mohammed da Rabi'u Ali Pele, wanda ya haura shekara 40 yana sanye da rigar Sai Masu Gida. Irin waɗannan su ne yayyen ɗakin canza kaya. Sabon yaro da ya zo daga ƙauye su yake fara gaisarwa, su ke kai kukansa idan alawus ya makara, su ke fassara masa fushin koci. Wani ɓangare na aikin ubangida ya koma wuyansu, shi ya sa sauyin koci bai girgiza gidan ba. Ma'aunin Chelladurai bai tanadi gurbin wannan mai shiga tsakani ba, domin koci da ɗan wasa kaɗai yake aunawa. Mai binciken da zai yi amfani da shi a Yamai ko Maraɗi ko Kano zai buƙaci ƙara tambayoyi biyu a takardarsa: wa ɗan wasa ke kai wa kuka idan haƙƙinsa ya maƙale, kuma wa ke da ta cewa a kan jerin sunaye ranar wasa.