Indiya da Kafuwar Makarantar Hafsoshin Soja ta Kaduna

Gabatarwa

Duk wanda ya san Kaduna ta arewacin kogi ya san barikin Ribadu da ke daura da Unguwar Kanawa, a kan hanyar zuwa Kawo. A nan ne aka buɗe Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NDA, cikin watan Fabrairu na 1964. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shugabanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya M. R. Varma, haka kuma yawancin malamanta na farko. Wannan maƙala za ta duba dalilin da ya sa Nijeriya ta nemi taimakon Indiya, da abin da Indiyawan suka dasa ya kama, da kuma wanda bai kama ba.

Dalilan Neman Indiya

Lokacin da aka sami mulkin kai a 1960, Bature ne ke shugabancin sojan Nijeriya, haka kuwa aka ci gaba har zuwa 1965. Hafsoshi 'yan ƙasa kaɗan ne, kuma sai an aika da su Sandhurst ko Mons a Ingila kafin a ɗaura musu anini. Ingila kuwa gurabe ƙalilan take bayarwa a shekara. Saboda haka Ministan Tsaro, Alhaji Muhammadu Ribaɗu, wanda barikin ya ci sunansa, ya dage a kan lalle a yi makarantar a gida.

To, amma wa za a kira ya kafa ta? Jama'a sun riga sun nuna ba sa son a koma hannun Ingila. A Nuwamba 1960 ɗaliban jami'ar Badun sun yi zanga-zanga har majalisa a Ikko don ƙin yarjejeniyar tsaron da aka ƙulla da Ingila, aka kuwa soke ta a Janairu 1962. Jingina da Amurka ko Rasha kuma shiga rigimar da ba tamu ba ce. Indiya ita ce ta dace ta kowace fuska. Sojanta tsarin Ingila ya gada kamar namu, da Turanci ake ba da umurni, ga ta kuma ƙasar da ta ɗanɗana mulkin mallaka.

Ita ma Indiya tana da nata dalili. Manufar Firayim Minista Jawaharlal Nehru game da ƙasashen waje ita ce ta 'yan ba-ruwanmu, watau ƙasashen da suka sami 'yanci su ƙi bin Gabas ko Yamma, su taimaki juna su tsaya da ƙafafunsu. Tun 1958 Indiya ta buɗe ofishin jakadanci a Ikko, Nehru kuma ya ziyarci Nijeriya da kansa a Satumba 1962. Wata guda bayan haka yaƙi ya ɓarke tsakanin Indiya da Sin a kan iyaka, Indiya ta sha kashi, ta kuma ƙara gane amfanin abokai a Afirka.

Har ila yau bakin ƙasashen biyu ya zo ɗaya game da makaman ƙare-dangi. Tun 1954 Nehru ya yi kira da a dakatar da gwada su. Nijeriya kuwa, da Faransa ta tayar da bam na uku a Reggane cikin Hamadar Sahara a Disamba 1960, sai gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a Janairu 1961. Daga baya ne hanya ta rabu. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar waɗannan makamai ta 1968, Indiya ta ƙi, har ta gwada nata bam a Pokhran a Mayu 1974, zamanin Indira Gandhi.

Abin da Aka Dasa

Indiyawa sun zo da tsarin makarantarsu ta Khadakwasla da ke kusa da birnin Pune. A can ana tara ɗaliban sojan ƙasa da na ruwa da na sama wuri ɗaya, su ci tare, su yi fareti tare, su yi karatun boko tare, sa'an nan kowa ya nufi fanninsa. Hikimar ita ce, waɗanda suka sha wuya tare suna samari ba za su ƙi jin maganar juna ba ran da suka zama manya. A ƙasa irin Nijeriya wannan tsari yana da wani amfanin kuma, domin ya haɗa ɗan Sakkwato da ɗan Kalaba a ɗaki guda.

Ɗaliban farko sun fita a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya tashi, suka zarce bakin daga. Birgediya Varma ya riƙe makarantar har 1969, sa'ad da David Ejoor ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabance ta. Cikin shekarun 1970 malamai 'yan ƙasa suka karɓi aikin koyarwa baki ɗaya. A 1985 ta fara karatun digiri, daga baya kuma aka gina mata mazauni na dindindin a Afaka. Ta wannan fuska dai shuka ta yi yabanya.

Abin da Bai Kama Ba

Akwai wani abu guda da aka san sojan Indiya da shi: tun 1947 bai taɓa ƙwace mulki ba. A Nijeriya kuwa, makarantar ba ta cika shekara biyu ba aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, aka kashe Sardaunan Sakkwato a gidansa, a wannan gari na Kaduna. Gaskiya ne waɗanda suka yi wannan aika-aika ba ɗaliban Indiyawa ba ne. Amma a dubi abin da ya faru a 27 ga Agusta 1985. Wanda ya yi shelar juyin mulki a rediyo, Birgediya Joshua Dogonyaro, yana cikin ɗaliban farko na makarantar Kaduna. Wanda ya hau, Ibrahim Babangida, ya yi horo a Dehradun ta Indiya a 1963. Wanda aka tuɓe, Muhammadu Buhari, shi ma da juyin mulki ya hau, ya kuma yi karatu a kwalejin hafsoshi ta Wellington a Indiya a 1973.

Me ya kawo haka? Amsar tana ga Pakistan. Runduna ɗaya ce aka raba biyu a 1947, horonsu ɗaya, manyan hafsoshinsu ma da yawa aji ɗaya suka zauna. Duk da haka Janar Ayub Khan ya ƙwace mulkin Pakistan a 1958. Ashe ke nan bambancin yana ga 'yan siyasa. A Indiya an fitar da babban kwamandan soja daga majalisar zartarwa, aka sa shi ƙarƙashin minista farar hula. Nehru ya tare a gidan da kwamandan ke zaune a Delhi, don kowa ya ga inda iko ya koma. A 1955 aka soke muƙamin ma ɗungum. Daɗin daɗawa, jam'iyyar Congress ta game ƙasa duka, an kuma yi zaɓuɓɓukan da jama'a suka yarda da su. A nan kuwa jam'iyyu na jihohi ne, ƙidayar 1962 da ta 1963 ta jawo gardama, zaɓen tarayya na 1964 da na Jihar Yamma na 1965 suka ƙare da rikici. Idan bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Kammalawa

Indiya ta ba Nijeriya abin da malami zai iya bayarwa, watau tsari da horo, makarantar kuwa tana nan tana yaye hafsoshi fiye da shekara 60 bayan kafa ta. Biyayyar soja ga farar hula kuwa, a majalisa da akwatin zaɓe ake gina ta. Tun 1999 sojan Nijeriya yana bariki, amma abin da ya auku a Nijar a Yuli 2023 ya isa ya tuna mana cewa riƙon wannan amana yana wuyan masu mulki kamar yadda yake wuyan masu bindiga.