Hayaƙi da Iskar Hunturu: Yadda Abzin Take Adana Nama

Wanda ya ɗauka Abzin ƙasar zafi ce kaɗai bai kwana kan duwatsun Bagzan cikin watan Janairu ba. A can sama, inda tudu ya haura mita 2,000, ruwa kan daskare kafin gari ya waye. Wannan lokaci ne kuwa ya fi dacewa da aikin nama: ƙuda ya yi ƙaranci, sanyin dare ya hana ruɓa, busasshiyar iskar hunturu kuma tana tsotse danshi tun kafin a hura wuta.

Nan hanyar Agadas ta rabu da ta kudu. A bakin Tafkin Chadi, hayaƙi ne ke ɗaukar nauyin banda, domin kifi ba ya jira. A Abzin iska ce babbar ma'aikaciya. Ana yanka naman falle-falle ko zara-zara, a sa gishiri, a shanya. Wuta kan zo daga baya, ƴar kaɗan, garwashin itacen ƙaya mai ci a hankali. Ko kilishin mahautan birni haka yake: rana da iska su busar, a tsoma shi cikin labu na ƙuli-ƙuli da yaji, a sake shanyawa, sa'an nan a ɗan nuna masa wuta. Wannan ba rowar itace ba ce, sanin darajarsa ne.

Ayarin gishiri ya koyar da wannan tattali. Tun bayan da sarautar Abzin ta zauna a Agadas cikin ƙarni na 15, birnin ya zama mahaɗar fatake. Da kaka ta wuce, wajen Oktoba, raƙuma kan ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma da gero, su komo da kantun gishiri da dabino. A 1906 an ƙidaya raƙuma 20,000 a ayari guda. Tsakanin rijiya da rijiya babu ciyawa, babu kara, sai abin da aka ɗauro tun daga gida, har da itacen girki. Guzurin da ba ya nauyi, ba ya lalacewa, ba ya kuma bukatar doguwar dahuwa, shi ne guzurin madugu: gero, cuku, dabino da busasshen nama. Gishirin da aka sha wuya a kansa shi ke komowa ya adana naman baɗi.

Tawayen Kawsan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar Faransawa sun watsa jama'a da dabbobi. Farin 1973 da na 1984 sun ƙara karya garkuna, manyan motoci kuma suka karɓe rabon kaya mai yawa. A 1973 ɗin ne wani direba ya banke Bishiyar Tenere, wadda ta daɗe tana yi wa ayari alama. Gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai.

A 2013 UNESCO ta sanya tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Hasumiyar masallaci mai mita 27 ta samu masu kula da ita. Sanin kaurin da za a yanka nama, da irin garwashin da ba ya ɗaci, yana hannun dattawan mahauta da ragowar madugai, kuma ƙungiyoyin al'adu sun fi ɗaukar hoton gini bisa zama a gabansu da alƙalami.