Ɗakin da apt ba ya shiga

A kwamfuta mai Linux akwai wani ɗaki da masu raba manhaja suka yi alƙawarin ba za su ajiye kayansu a ciki ba. Sunansa /usr/local. Na daɗe ina jibga kaya a cikinsa kafin in tambayi asalinsa.

A zamanin Unix, rubutun manhaja ake miƙo maka kamar yadi, ka je ka ɗinka daidai jikin na'urarka. Stuart Feldman ya ƙirƙiro make a Bell Labs a 1976 don rage wahalar ɗinkin. David MacKenzie kuma ya fara Autoconf a 1991, shekarar da Linus Torvalds ya fito da Linux. Yatsunmu suka haddace layi uku: ./configure, make, make install. In ba ka nuna wani wuri ba, manhajojin GNU can /usr/local suke sauka.

Sai ga Slackware da Debian a 1993, ɗinkakkun kaya suka fara cika kasuwa. Dole a raba gida, kada na kanti ya danne na tela. Ƙa'idar FSSTND ta 1994, wadda daga baya ta zama FHS, ta bar /usr/local a hannun mai kula da na'ura, Debian ma ta sa a dokarta cewa kunshinta ba zai ajiye fayil a can ba.

To in na kanti da na tela sun yi suna ɗaya, wa zai amsa kira? PATH ke yanke hukunci. Jerin wurare ne da ake bi daga hagu, wanda aka fara tararwa shi ke aiki, kuma a Debian /usr/local/bin na gaban /usr/bin. Ni dai ina ganin an yi adalci, wanda ya sha wahalar haɗawa ai da dalilinsa.

Amma na ɗanɗana kuɗata. Na taɓa haɗa manhajar bidiyo ta ffmpeg da kaina, daga magariba har bayan isha fankar laftof na kuka, cinyata kamar an ɗora mata dutsen guga. Ya yi aikin da nake so, na manta da shi. Fiye da shekara apt, mai kawo kunshin Debian, na ta kawo sabo da gyare-gyaren tsaro, ni kuwa tsohon nawa nake kira ban sani ba. Ranar da wani bidiyo ya ƙi buɗuwa na buga which ffmpeg, sai ga /usr/local/bin/ffmpeg. Na nemi jakar da na haɗa shi a ciki don in yi make uninstall, ashe tuni na goge ta neman fili. Haka na zauna ina tsince fayilolinsa ɗaya bayan ɗaya.