Gicciye a gaban kyamara: yadda fina-finai suka nuna wahalar Almasihu

Tun kafin a ƙirƙiro sinima malaman Kirista suke muhawara a kan ma'anar mutuwar Yesu Almasihu. A shekarar 1098 Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya kammala littafin da ya bayyana zunubi a matsayin bashin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, don haka gicciye fansa ce da aka biya a madadinsa. Bayansa, a ƙarni na 12, Abelard na Faransa ya fi karkata ga cewa gicciye nuni ne na ƙaunar Allah, wadda ke tausasa zuciyar wanda ya dube ta. Mai karatu Musulmi, wanda a aƙidarsa Allah ya ɗauke Annabi Isa ba tare da an gicciye shi ba, zai fi gane waɗannan fina-finai idan ya riƙe ra'ayoyin nan biyu, domin kusan kowane darakta ya jingina da ɗaya daga cikinsu, ko ya sani ko bai sani ba.

Fina-finan farko sun yi kunya. Wanda kamfanin Pathé na Faransa ya fitar a 1903 jerin hotuna ne masu motsi, kamar zanen bangon majami'a, ba jini ba kuka. Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, da ta fara aiki a 1913, ta hana nuna siffar Almasihu gaba ɗaya. Ko a Ben-Hur na 1959 ba a ga fuskarsa ba. Abin da aka gani shi ne jini yana bin ruwan sama daga gindin gicciye, a daidai lokacin da uwar jarumin da ƙanwarsa suka warke daga kuturta. Koyarwar fansa ke nan, ba tare da an tsaya a kan rauni ba.

A 1964 Pier Paolo Pasolini, ɗan Italiya mai ra'ayin Markisanci wanda bai yarda da addini ba, ya ɗauki Bisharar Matiyu kusan kalma da kalma. Ya yi aikin a kudancin Italiya, har da tsohon garin duwatsu na Matera, da fuskokin manoma da talakawa. Ɗalibi ɗan Sifaniya, Enrique Irazoqui, ya fito a matsayin Yesu, mahaifiyar Pasolini kuwa ta fito a matsayin Maryamu a tsufanta. Gicciyewar gajeriya ce, kuma nauyinta yana kan fuskar tsohuwar nan da ke faɗuwa ana tallabe ta. A nan wahalar Almasihu ta zama ta matalauta, abin da mutum ke gani ya ji nauyin ɗan'uwansa. Fim ɗin Jesus na 1979, wanda aka gina a kan Bisharar Luka aka kuma fassara zuwa harsuna masu ɗimbin yawa, ciki har da Hausa, ya bi hanya mai sauƙi, domin wa'azi aka yi shi.

Shekara arba'in bayan Pasolini, Mel Gibson ya koma Matera ɗin nan ya yi akasin abin da ya yi. The Passion of the Christ, wanda ya fito ranar 25 ga Fabrairu 2004 cikin harsunan Aramaik da Latin, ya taƙaita ga sa'o'i goma sha biyu na ƙarshe. Ya buɗe da aya daga sura ta 53 ta Ishaya, ya kuma ari abubuwa da yawa daga wahayin da aka danganta wa Anne Catherine Emmerich, 'yar zuhudu Bajamushiya, waɗanda ba sa cikin Bishara. An tsawaita bulala har mai kallo ya so kau da kai, tashin matattu kuwa an nuna shi a taƙaice ƙwarai. Hannun da ya riƙe ƙusa na Gibson ne da kansa, alamar cewa zunubinsa na cikin bashin. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 600, amma ya sha suka kan yadda ya siffanta shugabannin Yahudawa, alhali Ikilisiyar Katolika ta riga ta ƙi ɗora wa Yahudawa duka wannan laifi tun 1965. Akwai kuma rauni a tauhidinsa. Anselm ya rataya darajar hadayar a kan wanda ya miƙa ta, Gibson kuwa kamar yana auna ta da yawan jinin da ya zuba.

Fim ɗin Faransa na Xavier Beauvois, Des hommes et des dieux na 2010, ya mai da batun kan mabiya. Labarin 'yan zuhudu bakwai ne na Tibhirin a Aljeriya, waɗanda aka sace aka kashe a 1996 bayan sun ƙi barin maƙwabtansu Musulmi a lokacin yaƙin basasa. Yawancin fim ɗin shawara ce da tsoro, kowa yana auna ko zai tafi ko zai zauna. Ba a nuna kisan ba. Ana ganinsu ne kawai suna hawa tudu a jere cikin dusar ƙanƙara, har hazo ya rufe su.