Kwana-kwana, Pompiye, da Haruffan Jikin Ƙofa

A unguwar Zongo ta birnin Kwatano, jar motar nan mai jiniya tana da suna biyu a bakin Bahaushe guda. In yana hira da baƙon da ya zo sarin kaya daga Kano ko Sakkwato, motar kwana-kwana zai ce. In ya juya wajen ɗan zemijan, wato ɗan acaɓan garin, sai ta koma motar pompiye. A jikinta kuwa abin da aka rubuta shi ne Sapeurs-Pompiers, lambar kiransu a Jamhuriyar Benin kuma 118.

Kwana-kwana tamu ce, amma ba a taru a kan asalinta ba. Wasu na cewa don ma'aikatan a tasha suke kwana suna jiran kira. Wasu na cewa daga shan kwana ne, yadda direban ke kutsawa lungu-lungu, kamar yadda ake cewa hanya mai kwana-kwana. Akwai kuma masu danganta ta da amon ƙararrawar tagullar da ake kaɗawa da hannu a tsofaffin motocin Ingila kafin jiniya ta zo. Bayani na farko bai cika gamsar da ni ba, don masu gadi ma a bakin aiki suke kwana, ba wanda ya taɓa laƙaba musu wannan suna.

Pompiye kuwa tarihinta a rubuce yake. Tushenta ɗaya da famfon da ke tsakar gidajenmu: pompe a Faransanci ita ce na'urar tura ruwa, pompier kuma mai sarrafa ta. Kalmar da ke gabanta, sapeur, ta soja ce, sunan dakarun da ke haƙa ramuka da rusa katanga a fagen yaƙi. An ɗaura auren kalmomin biyu ne bayan gobarar da ta tashi a wajen liyafar jakadan Austriya a Faris a watan Yulin 1810, Napoleon na wurin. A watan Satumban 1811 ya kafa bataliyar soja ta kashe gobarar birnin. Wannan gado ya biyo Faransa zuwa ƙasashen da ta mallaka, shi ya sa a Kwatano, kamar a Yamai da Maraɗi, aka san ɗan pompiye da kaki da igiyar soja, alhali a Najeriya, da ta gaji tsarin Ingila, hukuma ce ta jiha ko ta tarayya.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga wasu mutane da sha'awarsu za ta ba ɗan kasuwa dariya. A Jamus da Holan da Ingila akwai masu kashe kuɗin jirgi da na masauki don kawai su je tashoshin kashe gobara na wasu ƙasashe su ɗauki hoton motoci, su gano ƙirar kowace. A ƙauyen Jamus sai su roƙi a fito musu da motar waje, rana ta haske ta, su tsaya ta kusurwa yadda gaba da gefe za su fito tare. A inda tasha take bariki, kyamara ba ta fitowa daga jaka sai da izinin na sama.

Aikinsu dai karatun suna ne, kuma sun iya. Motar kashe gobara ba kamfani ɗaya ke ƙera ta ba. Wani ke yin kai da inji da ƙashin mota, Renault ko Mercedes ko MAN ko Iveco, wani kuma ya ɗora tanki da famfo da akwatunan kaya, irin su Sides da Camiva na Faransa, ko Rosenbauer na Austriya da aka kafa a 1866. Don haka mai hoton ba ya tsayawa a tambarin gaba. Zai buɗe ƙofar direba ya nemi ɗan farantin ƙarfen da aka ƙusance a jikin motar, ya goge ƙurar da babban yatsa ya kwafe lamba da shekara. Zai zagaya baya, inda agogunan famfo suke, ya duba farantin na biyu. Sannan ya karkata kai ya kalli ƙofar ta gefen haske, don a ƙarƙashin sabon fenti sau da yawa inuwar tsofaffin haruffa na nan, Feuerwehr ko Brandweer da sunan wani ƙaramin gari. Da yawa daga motocin kashe gobarar Afirka ta Yamma sun gama aikinsu na farko a Turai kafin a sayar ko a ba da su kyauta. Mu da muke kiran motar hannu 'yar Kwatano saboda tashar jiragen ruwan garin, mun san zancen.

Wasu sunayen ma sun fi kamfanoninsu tsawon rai. Conrad Dietrich Magirus, shugaban 'yan kashe gobarar garin Ulm, ya kafa masana'antarsa a 1866, tsaninsa ya yi suna har aka wayi gari a ƙasashe da dama ana kiran duk wani tsani mai juyawa Magirus, ko wa ya ƙera shi. Haka muke yi da Omo da Maggi.

Inda na fi ganin amfani shi ne gajerun haruffan nan uku ko huɗu da Faransawa ke bugawa a ƙofar motocin da mu muke haɗe su duka mu ce kwana-kwana. VSAV ba ta kashe wuta ko kaɗan, motar ɗaukar majinyata ce. EPA tsani ne mai juyawa, na ceto daga bene, ba ruwa ta zo da shi ba. FPT ita ce uwar aiki a gobarar gari: mutum shida zuwa takwas, famfo, da tankin da ke cin lita wajen 3,000. CCGC kuwa tanka ce zalla, aikinta shayar da sauran. Jamusawa su ma da nasu, har da lissafi a ciki: DLK 23/12 na nufin tsani mai kwando da zai kai tsayin mita 23 yana nesa da mota da mita 12.

A ɗan yi lissafi da FPT. Bakin tiyo guda na iya fesa lita 500 a minti. Tankin lita 3,000 ke nan minti shida, in an buɗe biyu minti uku. A ƙasar da aka ƙera ta ba matsala, don wannan ruwan na fara aiki ne kafin a jona ta da famfon gobara na bakin titi, wanda ba ya nisa. A kasuwanninmu, daga Dantokpa ta Kwatano da ta yi mummunar gobara a ƙarshen Oktoban 2015 har Sabon Gari ta Kano da ta ci wuta a Maris 2016, wannan jonawar ce wahala. Sai ka ji an ɗauki ihu: "Alhaji, ka ga mutanen nan, sun zo ba ruwa!" Sau da yawa da ruwansu suka zo, cike. Ƙarewa ya yi, kuma haruffan da ke ƙofar sun faɗi haka tun motar ba ta tsaya ba, mai karantawa ne babu.

Abin takaici, Dantokpa a bakin ruwa take, sunanta ma haka ya ce. Kunnen Bahaushe na jin Ɗan Tokpa, kamar wani mutum ne ɗan wane, amma a harshen Fon Dan shi ne macijin da ake bauta wa a addinin Vodun, to ruwa, kpa kuma gefe: gefen ruwan Dan. Kasuwar na kwance ne a gaɓar mashigin da ya haɗa tafkin Nokoué da teku. Masu iya magana sun ce gobara daga kogi, maganinta Allah. A nan kogin na kusa, isa gare shi ne aiki, ta layukan da rumfa ta cinye har kura ba ta wucewa sai da dabara. Ruwan kuma yana da gishiri, in an zuƙe shi dole a wanke famfo da ruwan daɗi, in ba haka ba tsatsa ta ci shi. Hausa ma ta sa maciji a wannan sana'a ba tare da sanin Dan ba: tiyo aro ne daga tuyau na Faransanci, amma sunan da muka raɗa wa abin da kanmu shi ne mesa.

Akwai wutar da ruwa ba ya kashewa, kuma Kwatano ta san ta da suna. Kpayo shi ne fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya da ake sayarwa a manyan kwalabe a bakin titi. Fetur yana hawa kan ruwa, in an fesa masa sai ya bi malalar ya faɗaɗa. Kumfa ake rufe shi da ita, kuma mai ɗaukar kumfa da yawa mota ce daban mai nata haruffan. A ranar 23 ga Satumban 2023 wani ɗakin ajiyar kpayo ya kama a Sèmè-Kraké, kan iyaka da Najeriya, mutum sama da 30 suka rasu.

Sai CCF, wadda sunanta ya ce ta gobarar daji ce, an ƙera ta don duwatsu da kurmin kudancin Faransa. Mai hoto zai yi mamakin jin ana son irinta a birnin da ke tsakanin tafki da teku. Amma doguwar ƙafa gare ta, tayoyi huɗun duka suna ja. Ƙananan titunan Kwatano, waɗanda mutanen garin ke kira von, da yawansu yashi ne, da damina kuma su cika da ruwa. Inda FPT mai nauyi da gajeriyar ƙafa za ta kafe, motar dajin sai ta ratsa ta isa ƙofar gidan.